Alhakin Siffar Harafi: Tsoro da Wasa a Allunan Magarya da Dungas

Rubutu yana isar da saƙo ta hanya biyu a lokaci guda, wato ta ma'anar kalmomin da aka rubuta da kuma ta siffar haruffan da suka ɗauko su, kuma hanya ta biyu takan riga ta farko isa zuciya, domin ido yana ganin kauri da karkata da launi tun kafin hankali ya haɗa baƙi da wasali ya fitar da kalma. Daga nan wata tambaya take tasowa wadda ta shafi falsafa da fiƙihu baki ɗaya: shin mutum yana ɗaukar alhakin siffar harafi kamar yadda yake ɗaukar alhakin kalmar da ya furta, ko kuwa siffa ado ce kawai wadda ba ta shiga ma'aunin gaskiya da ƙarya? Tambayar ta fi fitowa fili a haruffan kanu, waɗanda su ne manyan haruffan da ake ƙawata kan labari ko fasta ko allon shago da su domin a hango daga nesa, saɓanin haruffan jiki da ake buga dogon bayani da su. A cikin haruffan kanu ma ta fi tsanani ga nau'in da ake zanawa da hannu a karkace, a yi masa ƙaya ko haƙora ko ɗigon jini, da nufin ya ba da tsoro da dariya a tare.

Gundumomin Magarya da Dungas, da ke kudancin jihar Damagaram a kan iyakar Nijar da jihar Jigawa ta Nijeriya, wuri ne da ya dace a auna wannan tambaya. Dungas ta kasance cikin Magarya har zuwa 2011 lokacin da aka mai da ita gunduma mai cin gashin kanta, kuma yankin duka a buɗe yake ga kasuwannin kudu, ta hanyar Tinkim zuwa Ɓaɓura da Kano, da kuma ta ɓangaren Maigatari mai kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis. Ta waɗannan hanyoyi finafinan Kano da littattafan hikaya da kalandu da fastocin masu wa'azi da na masu magani suke shigowa, kowanne da irin rubutun da ke kansa. Mai tafiya a kasuwar Magarya yana cin karo da rubutu iri uku a bango guda, Faransanci na hukuma da Hausar boko ta 'yan kasuwa da ajami ko Larabci na malamai, alhali waɗanda suke iya karatun boko a cikin manyan mutanen Nijar ba su kai rabi ba. Ga dattijon da ya sauke Alƙur'ani amma bai shiga lakwal ba, siffar haruffan boko da launinsu su ne kusan dukkan abin da allo ya gaya masa, don haka abin da a wata ƙasa ake ɗauka ado, a nan shi ne rabin saƙo ko fiye. Tun da kundin mulkin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ana sa ran rubutun Hausa a bango zai ƙaru, kuma nauyin masu yin sa zai ƙaru tare da shi.

Wanda ya tsaya a tasha ya kalli mai fenti yana rubuta kirari a bayan babbar mota zai ga yadda ake yanke wannan hukunci a aikace. Mai fenti yakan shafa wa zare alli ya ja shi ya buga layi biyu, na sama da na ƙasa, sa'an nan ya fitar da gangar jikin kowane harafi da farin fenti, ya bari ya sha iska, ya dawo ya yi masa inuwa da baƙi ko ja ta gefe guda har harafin ya yi kamar zai taso daga jikin ƙarfe. Idan addu'a ce ko godiya ga Allah, yakan tsaya tsakanin layukan nan biyu bai ƙetare ba. Idan habaici ne ga mahassada, sai ya saki hannu, ya ja wutsiyar harafi ta zarce layi, ya fiƙe kanta kamar tsinin mashi. Ba wanda ya karantar da shi wata ƙa'ida a littafi, amma hannunsa ya san cewa magana tana da murya ko a rubuce take. A yau matashin da ke haɗa fasta a wayarsa da manhaja irin su PixelLab ko Canva yana yin wannan zaɓi cikin daƙiƙa kaɗan, daga jerin ɗaruruwan zubin haruffa, wato cikakkun sahun haruffa da wani mai zane ya tsara bisa salo guda aka adana a na'ura. A cikinsu akwai Chiller, wanda Andrew Smith ya zana a Ingila a 1995 ya yi kama da rubutun burushi mai fantsama, ya kuma bazu a duniya saboda yana zuwa tare da manhajojin Microsoft, akwai kuma Creepster da makamantansa waɗanda aka tsara domin finafinan dodanni da bikin Halowin na ranar 31 ga Oktoba a Amurka da Turai.

Kafin a yi wa irin waɗannan haruffa hukunci, wajibi ne a san daga ina tsoron da ke cikinsu yake fitowa, daga ɗabi'ar ɗan Adam ko daga sabo. Masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe Wolfgang Köhler ya nuna a 1929 cewa idan aka ba mutane zane biyu, ɗaya mai tsini ɗaya mai lanƙwasa, aka ce su raba musu sunaye biyu marasa ma'ana, mafi yawansu sukan ba mai tsini suna mai kaifin sauti, mai lanƙwasa kuma suna mai laushi, kuma an maimaita gwajin a harsuna da yawa an sami sakamako makusanci. Wannan yana nuna cewa wani ɓangare na tasirin siffa a halitta yake. Amma tarihi ya nuna cewa ɓangare mafi girma sabo ne. Baƙin rubutu mai kusurwoyi da Gutenberg ya buga Baibul da shi a birnin Mainz wajen 1455 rubutun ibada ne a zamaninsa, daga baya wani reshensa ya zama alamar Jamusanci har gwamnatin Nazi ta soke amfani da shi a watan Janairun 1941, yau kuma ana ganinsa a kan sunan jaridar New York Times a matsayin alamar dattako, ana kuma ganinsa a fastocin finafinan ban tsoro. Siffa guda ce ta ɗauki ma'anoni huɗu gwargwadon zamani da wuri. Malaman Malikiyya suna da ƙa'idar da ta dace da wannan, domin Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya yi bayani a littafinsa Alfuruƙ cewa hukuncin da aka gina a kan urfi, wato abin da mutane suka saba da shi har ya zama fahimtarsu ta bai ɗaya, yana canzawa idan urfin ya canza. Saboda haka zargin cewa duk wanda ya yi amfani da harafi mai ɗigon jini ya kwaikwayi bikin wasu ba shi da ƙarfi a wurin da ba a san bikin ba, kamar yadda haruffan boko kansu, da suka zo ta hannun Turawa, ba su hana a rubuta tafsiri da su ba. Abin dubawa shi ne abin da mutumin Magarya ko Dungas yake fahimta idan ya ɗaga kai ya ga allon.

Al'adar tsangaya ta daɗe da sanin cewa harafi yana da jiki. Yaron da ke koyon babbaƙu, wato haruffa ba tare da wasulla ba, kafin ya wuce zuwa farfaru inda ake sa musu wasulla, yana haddace su ne da sunayen da suka siffanta surarsu, irin su ba guje da mim jaye da an baki wofi da an likkafa, har ma akwai wanda ake ce wa mai hannu. A cikin wannan koyarwa akwai raha, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarta raini ga rubutu. Amma idan aka zo rubuta Mushafi sai a ga wani irin tsari mai tsauri, inda alaramma yake fiƙe alƙalaminsa na gamba, ya rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da rawaya, alamar alifin sadarwa da kore, ya ɗiga wa fa ɗigo guda a ƙasa da ƙaf ɗigo guda a sama bisa tsarin Magribi da ruwayar Warshu. Masu bincike irin su Andrea Brigaglia da Mauro Nobili sun bambanta salon Barnawi na ƙasar Barno da salon Kanawi mai kauri wanda ya yaɗu ta bugun kasuwa, kuma Damagaram, da ta daɗe a ƙarƙashin inuwar Barno tana kuma ciniki da Kano, ta gaji hannu daga ɓangarorin biyu. Har cibiyar SIL ta mai da waɗannan salo zubin haruffa na kwamfuta, Alkalami bisa rubutun Kano da Ruwudu bisa rubutun Mangawa na gabashin Nijar. An ruwaito cewa Imamu Malik ya hana a sauya rasamun Mushafi, wato yadda aka rubuta kalmominsa tun farko, amma ya sassauta a kan wasulla ga allunan yara masu koyo. Ibn Khaldun kuwa, wanda ya rasu a 1406, ya lissafa rubutu a Muƙaddima cikin sana'o'in da ke bunƙasa da bunƙasar birane, ba cikin sharuɗɗan cikar addini ba. Idan aka haɗa waɗannan maganganu biyu, abin da ke fitowa shi ne cewa harafi ba shi da tsarki a zatinsa, amma kowane muhalli yana da siffar da ta dace da shi, kuma dacewar nan abar tambaya ce.

Sai kuma batun tsoro kansa. Musulunci bai ɗauki tsoro abin ƙi gaba ɗaya ba, domin Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe wa tsoro da fata babi guda a Ihya'u, inda ya nuna cewa tsoro abin yabo ne matuƙar yana tura mutum ga aiki, abin zargi ne idan ya gaza har bai motsa kowa ba ko ya wuce kima har ya kai ga yanke ƙauna. Waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19, ciki har da na Nana Asma'u wadda ta rasu a 1864, sun siffanta kabari da hisabi da kalmomi masu sa tsikar jiki ta tashi, kuma an karɓe su domin abin da suke tsoratarwa a kai gaskiya ne a wurin mai ji. A ɗaya ɓangaren, Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa da wasa, ya farka a firgice, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi ya firgita ɗan'uwansa. Abin lura a wannan ƙissa shi ne cewa wanda aka firgita bai san wasa ake yi ba. Laifin yana cikin ɓoye masa gaskiyar lamari, har zuciyarsa ta biya kuɗin dariyar wasu.

Wannan ne ya raba firgitarwa da tsoron wasa, kuma al'adar Hausa ta san bambancin tun kafin a ƙirƙiri fasta. Tatsuniya cike take da Dodo da mayu da kura, ana kuma yin ta da dare lokacin da tsoro ya fi kama yara, amma tana da ƙofar shiga da ƙofar fita, domin mai bayarwa yana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, yana rufewa da ƙurunƙus, har ya amsa da bakinsa cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Yaron da ke sauraro ya shiga da yardarsa, ya san inda tsoron zai ƙare. Haka tashe yake a watan azumi, inda yaro ke shafa bula ya sa gemun auduga ko ya yi shigar wata dabba, kowa kuma ya san ɗan gidan wane ne. A ɓangaren nassi ma, an ruwaito cewa Manzon Allah yana yin raha amma ba ya faɗar sai gaskiya, kuma ya yi dariya da ya ga doki mai fukafukai a cikin kayan wasan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Harafin ban tsoro da aka zana da hannu yana ɗauke da ƙofar shigarsa a jikinsa, domin karkatarsa da rashin daidaiton girmansa da idon da aka liƙa wa wasali a gefe guda suna shaida wa mai kallo cewa hannun mutum ne ya yi, kuma mutumin yana murmushi. Saboda haka fastar fim ɗin aljanu a ƙofar gidan kallo, ko bangon littafin tatsuniyoyi, ko sanarwar wasan kwaikwayo na 'yan makaranta, idan an rubuta su da irin wannan harafi, siffa ta faɗi gaskiya game da abin da ke ciki, kuma wanda ba ya so ya sami gargaɗi tun daga nesa.

Akwai masu ƙyamar sa wa harafi ido da baki saboda hanin yin sura. Mashahurin ra'ayi a mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mutanen yankin, shi ne cewa haramcin ya tabbata ga surar abu mai rai idan tana da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, amma zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango hukuncinsa bai wuce karhanci ko barin abin da ya fi ba. Harafin da aka yi wa haƙora ba cikakkiyar halitta ba ce, don haka wanda ya guje shi saboda tsantseni ya kyauta, wanda ya yi kuma ba a ce ya aikata haram ba.

Matsala tana farawa ne a inda siffa ta yi ƙarya, kuma ƙaryar tana zuwa ta fuska biyu. Fuska ta farko ita ce a sa wa gaskiya mai nauyi rigar wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023 an sami mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma 342 daga cikin waɗanda suka kamu a gundumar lafiya ta Dungas suke. Sanarwar da ke kiran iyaye su kai yara rigakafi a irin wannan hali, idan aka rubuta kanta da haruffan fim ɗin dodanni da nufin jan hankali, za ta iya sa wani ya ɗauka tallar wasa ce ya wuce, ta sa wata uwa ta ji cewa wurin allurar ne abin gudu. A mizanin Gazali wannan tsoro ne da bai tura kowa ga aiki ba. Fuska ta biyu ita ce a sa wa abu maras tushe rigar firgici, kamar kanun jita-jita da ake yi wa jan harafi mai tsiyaya a watsa a WhatsApp da Facebook, ko allon mai magani da ke rubuta sunayen cututtuka da sammu da siffar da za ta sa lafiyayye ya fara shakkar jikinsa. A nan kowace kalma za ta iya zama gaskiya a kan kanta, amma siffa ta ƙara mata abin da babu, kuma mai allon ya sami ciniki daga fargabar da ya dasa.

Mafi hatsari shi ne aron kwarjinin rubutun addini. A Magarya da Dungas, kamar sauran ƙasar Hausa, mutum yakan tsinci takarda mai rubutun Larabci a ƙasa ya ɗaga ta ya soke a katanga ko da bai karanta abin da ke ciki ba, kuma hatimi, wato zane mai gidaje da ake cikawa da haruffa ko lambobi a laya, yana da matsayi a zukata. Ilimin nan yana da tarihi a yankin, domin Muhammadu Alkashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubuce-rubuce a kan irin waɗannan zane-zane, yayin da Ibn Khaldun ya sanya ilimin asirin haruffa kusa da sihiri ya yi gargaɗi a kansa. Ko wane ɓangare mutum ya bi a wannan saɓani, mai haɗa fasta da ya ɗauko siffar rubutun allo ko gidajen hatimi domin ya sa fim ɗinsa ya ƙara ban tsoro ya taɓa abin da ba nasa ba, domin yana koya wa ido ya haɗa rubutun da yara ke koyon Alƙur'ani da shi da tsafi da duhu, kuma irin wannan sabo idan ya zauna ba ya tashi da sauƙi.

Akwai kuma amana ta karatu wadda ta shafi Hausa kai tsaye. Yawancin zubin haruffan ado da aka zana a Turai da Amurka ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle ya mai lanƙwasa da ake rubutawa a Nijar, don haka wanda ya zaɓe su yakan ga na'ura ta cike gurbin da wani harafi na daban ko ta bar akwati fanko, ko kuma shi da kansa ya zubar da lanƙwasar, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. A wurin da bango yake cikin littattafan farko da yaro ke karantawa, wannan koyar da kuskure ne a bainar jama'a. A nan mai fenti ya fi na'ura, domin burushinsa yana iya lanƙwasa kowane harafi yadda harshe ya buƙata.

Mai yiwuwa a ce wannan duka tsanantawa ce, tunda asalin al'adu halasci ne kuma ayyuka suna bin niyya, mai fasta kuwa bai nufi komai ba sai a kalli aikinsa. Gaskiya ne cewa asali halasci ne, shi ya sa mafi yawan wannan sana'a ba ta buƙatar fatawa. Amma niyya tana gyara abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa ne, ba ta ɗauke cutar da ta sauka a kan wani, kuma sahabin da ya ɗauke igiya ma wasa ya nufa. Allo ya bambanta da hira ta wajen cewa mai shi ba ya zaɓar wanda zai gani, yaro da tsohuwa da mai jinya duk suna wucewa ta gabansa, ba ya kuma nan balle ya ce da wasa yake. Don haka abin da ya rage wa mai zane da wanda ya ba shi aiki shi ne su duba abu uku kafin fenti ya taɓa bango: ko siffar ta yi daidai da nauyin maganar, ko wanda ba ya karatu zai fahimci daga gare ta abin da mai karatu zai fahimta daga kalmomin, da kuma ko kwarjinin da aka yi amfani da shi na mai aikin ne ko aro ne daga abin da mutane ke girmamawa. Alhakin amsar yana kan su biyun, gwargwadon sanin kowannensu, kuma ya fi nauyi a kan mai zane, domin shi ne ya san abin da siffa ke yi wa ido.